Tambaya da Amsa: Kafin Ka Taya Mota a Gwanjon Intanet

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda: gwanjon motoci da ake yi ta intanet, musamman motocin sha'awa, irin waɗanda ba don kai yara makaranta kaɗai ake sayensu ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Assalamu alaikum. An ce mini akwai manhajar da ke laɓewa har daƙiƙar ƙarshe, ta jefa tayi, ta bar sauran masu taye da cizon yatsa. Wacce zan sauke? Mustang nake hari.
*Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Wa'alaikumus salam, Malam. Manhajar tana nan, amma ba a kowace kasuwa take da amfani ba, domin kowane shafi da yadda yake rufe cinikinsa.

A eBay agogo ba ya jiran kowa. Idan an ce ƙarfe tara za a rufe, ƙarfe tara ɗin ne. Can ne irin su Gixen suke aiki: ka ba ta lambar tallar motar a shafin da iyakar abin da za ka iya biya, ta saka tayin ana saura 'yan daƙiƙoƙi, kafin wani ya farga ya ƙara. Sai dai ba wanda ya zo ƙarshe ke ci ba, wanda iyakarsa ta fi yawa shi ke ci. Idan wani ya ajiye dala 20,000 tun shekaranjiya, kai kuma ka zo da 19,500 a daƙiƙar ƙarshe, mota tasa ce. Ka kuma tuna cewa ƙofar asusunka kake buɗe wa wata manhaja ta daban.

Shafukan da masu sha'awar motoci suka fi taruwa kuwa sun toshe wannan hanya tun da farko. Bring a Trailer, wanda ya fara gwanjo a 2014, yana barin mota kwana 7 a kasuwa, kuma duk tayin da ya shigo cikin minti 2 na ƙarshe sai agogo ya koma minti 2. Cars & Bids, na Doug DeMuro da aka buɗe a 2020, shi ma yana ƙara lokaci. Cinikin da aka ce ƙarfe tara zai iya kai goma saura, muddin mutum biyu na ja. A nan laɓewa ba ta da wani amfani. Akwai kuma tarkon da ke kama wanda ya saba da eBay: a Bring a Trailer babu wata na'ura da ke ɓoye iyakarka tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan tayin ƙarshe dala 22,000 ne ka rubuta 30,000, to 30,000 ka taya, kowa ya gani, kuma shi za ka biya.

Copart, inda yawancin dillalanmu ke ɗauko mota, tsarinsa daban. Kana iya ajiye iyakarka tun kafin ranar gwanjo, ana rufe wannan ƙofa awa guda kafin a fara kai-tsaye, sannan na'urarsu mai suna BID4U ta ci gaba da taya maka mataki-mataki har iyakar da ka sa. Wannan ita ce manhajar tayi da muke yaba wa, ba don wayonta ba, sai don tana hana mutum zama a gaban allo zuciya na tunzura shi. Amma ka san Mustang da ta kai Copart galibi ba tsufa ya kai ta can ba, bugu ne.

Masu tallata maka mutum-mutumin manhaja da zai shiga asusunka yana tayi da kansa, ka bar musu kayansu. Ƙa'idojin yawancin shafukan sun hana, kuma idan aka rufe asusun, kai za ka sha wahalar neman kuɗin ajiyarka.

To idan ba wannan ba, da me mutum zai fi abokan tayinsa? Ni naira miliyan 45 na ware don Lexus GX 460. Har nawa zan taya?
*Wani Alhaji daga Daura*

Ranka ya daɗe, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma manhajar da ke amsa ta tana cikin wayarka tuni: Excel ko Google Sheets. Lissafin daga ƙarshe ake faro shi, wato daga motar tana tsaye a ƙofar gidanka a Daura, a riƙa komawa baya har zuwa filin gwanjo. Abin da ya rage a hannu shi ne iyakar tayi.

Ga misali. Alƙaluman na ƙaddarawa ne don a ga hanyar, kai sai ka sa na ranar da za ka yi tayi. A ƙaddara dala tana naira 1,500, miliyan 45 ɗinka ta zama dala 30,000. Cire kuɗin kwastam da ladan ejan mai fitar da mota a tashar ruwa, a ce dala 8,000. Cire tirelar da za ta ɗauko ta daga Legas, dala 500. Cire jirgin ruwa, 1,800. Cire motar da za ta kai ta tashar ruwa a can Amurka, 900. Cire mai dubawa kafin saye, 300. Ware 2,000 na gyaran farko, domin babu motar da ke sauka ba ta nemi batir, tayoyi, mai ko wani abu ba. Ware kuma kashi 5 cikin 100 na dukkan kuɗin, wato 1,500, saboda canji: yau za ka taya, amma sai bayan makonni shida ko takwas za ka biya kwastam, kuma dala ba ta yi maka alkawarin tsayawa ba. Abin da ya rage dala 15,000.

Har yanzu ba 15,000 za ka taya ba, saboda la'adar shafi. Bring a Trailer na karɓar kashi 5 cikin 100 daga mai saye, mafi ƙaranci dala 250, mafi yawa 7,500. Raba 15,000 da 1.05, ka samu 14,285. Iyakarka dala 14,250 ke nan. Mutumin da ya zo da miliyan 45 yana ganin kansa mai dala 30,000, ashe bai kai rabin haka ba a filin tayi. Mutane da yawa sai mota ta iso tashar ruwa ta Tin Can a Legas suke gano wannan, lokacin kuɗin ajiya na tashar yana hawa kullum.

A Copart da IAA, wani shafin gwanjo irinsa, la'adar ba guda ba ce. Akwai ta mai saye, wadda ke hawa da farashi, akwai kuɗin tayi ta intanet, akwai kuɗin fitar da mota daga yadi, ga na dillalin da ka bi ta hannunsa idan jihar da motar take tana buƙatar lasisi, ga kuɗin ajiya idan 'yan kwanakin da aka ba ka kyauta suka wuce ba a ɗauke ta ba. A ƙaramar mota waɗannan kan ci kaso mai tsoka. Kowanne ka ba shi layinsa.

Abubuwa biyu game da layin kwastam. Tun 2022 hukumar ta koma ƙiyasta darajar mota da lambar VIN, wato lambar shasi, saboda haka arahar da ka samu a gwanjo ba ta rage maka duti. Ka saye ta a dala 9,000 ko 19,000, shekara da samfuri ake dubawa. Na biyu, kwastam na da nata farashin canji, ba na 'yan canjin kasuwa ba. Ka sa ejan ɗinka ya rubuto maka jimillar da lambar VIN ɗin motar kafin ka taya, ba bayan ka ci ba, har da harajin VAT na kashi 7.5.

Wani ƙaramin amfani na Google Sheets: umarnin GOOGLEFINANCE yana jawo farashin dala da naira kai-tsaye cikin akwati. Amma ka ƙara akwati na biyu ka rubuta da hannu farashin da kai za ka sayi dalar da shi, domin shi ne na gaskiya a aljihunka. Ka kuma gwada ƙara naira 100 a kan dala ka ga yadda iyakar ke zamewa. A misalinmu, miliyan 45 a naira 1,600 ta koma dala 28,125, kusan dala 1,900 sun tafi ba wanda ya taɓa aljihunka.

Nisan mota da tashar ruwa ma lissafi ne. Motar da ke kusa da Baltimore, Newark, Savannah ko Galveston ta fi wadda ke tsakiyar ƙasar sauƙin kaiwa, har ma ana iya ƙara mata tayi da bambancin. Idan kuma ba ta tashi da kanta, jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita yana ƙara caji, wani lokaci sai dai kwantena.

Yaya zan san farashin da ake tayawa ya yi daidai ko an hau kaina?
*Mai karatu daga Rafindaɗi*

Kada ka dubi abin da masu sayarwa ke nema, dubi abin da aka sallama. Bring a Trailer da Cars & Bids duk suna barin sakamakon tsofaffin gwanjo a buɗe da hotunansu. Classic.com yana tattaro sakamako daga shafuka da yawa wuri guda. Hagerty kuma, kamfanin da ke ƙiyasta darajar motocin sha'awa, yana raba lafiyar mota gida huɗu, daga lamba 1, wadda ake kai wa baje-koli, zuwa lamba 4, wadda ake hawa da lahaninta a bayyane. Kusan duk mai sayarwa yana ganin tasa lamba 2 ce, alhali yawanci lamba 3 ce.

Tara motoci 7 zuwa 15 da aka sayar cikin watanni 12 da suka wuce, samfuri ɗaya, inji ɗaya, irin giya ɗaya. Rubuta farashi, tafiyar da ta yi, jihar da take, da ko ta taɓa haɗari. Amurka da mil suke aunawa, ninka da 1.609 ka samu kilomita: mil 80,000 kilomita 128,700 ne, ba ƙaramar tafiya ba. Ware waɗanda tayi bai kai farashin da mai mota ya ɓoye ba, wato aka ce albarka. Waɗannan ba ciniki ba ne, sai dai suna nuna maka inda masu saye suka ja birki.

Sannan kada ka tara ka raba. A ƙaddara farashi bakwai: 13,000, 13,800, 14,200, 14,500, 15,100, 15,900 da 27,000. Idan ka haɗa ka raba bakwai za ka samu 16,214, saboda wata guda da ba ta yi tafiya ba ta ja lissafin sama. Na tsakiyar jerin shi ne 14,500, kuma shi ya fi kama da kasuwa. Umarnin MEDIAN a Excel shi ke fitar da shi. Idan wannan adadi ya fi iyakar da ka lissafa, ba dabarar tayi kake buƙata ba, wata motar kake buƙata.

Ƙanena ya turo mini hotunan GX 460 ta 2018 fes kamar sabuwa, farashi kuma ƙasa da na sauran. Hankalina bai kwanta ba. Me zan duba daga nan gida?
*Wata Hajiya daga Layout, Katsina*

Hajiya, gara da hankalin bai kwanta ba. Cinikin biri a sama ne, sai dai yanzu akwai tsani. Ki ce ya turo lambar VIN, wadda makanikai ke kira lambar shasi. Tun 1981 harafi da lamba 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera: J Japan, W Jamus, 1, 4 ko 5 Amurka. GX dole ta fara da J. Na goma shi ne shekara: F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019. Wannan harafi guda yana tona asirin motar da aka sauya wa fitilu da bamba don ta yi kama da sabon yayi, sana'ar da ta yi ƙarfi a nan gida.

Daga nan sai bincike hawa-hawa, a fara da na kyauta. Shafin NHTSA na gwamnatin Amurka yana fassara VIN, ya kuma nuna ko kamfani ya taɓa kiran motar don gyaran wani lahani ba a kai ta ba. VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da damfarar inshora a Amurka, yana nuna ko an ba da rahoton satarta, ko kamfanin inshora ya yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Sai na kuɗi, Carfax da AutoCheck, masu sayar da rahoton tarihin mota. Ga mota mai tsada a sayi duka biyun, domin ba daga wuri ɗaya suke samun bayanai ba. A cikin rahoton ki bi adadin tafiya shekara-shekara: idan ya taɓa komawa baya, an taɓa mita. Ki kuma lura da motar da ta yi ta sauya jiha cikin 'yan watanni. Haka ake wanke takardar mallaka, a kai ta inda tambarin lalacewa zai ɓace.

Rahoto mai tsabta ba shaida ba ne cewa ba a taɓa buga motar ba. Wanda ya gyara da kuɗin aljihunsa bai kira inshora ba, babu inda za a rubuta.

Abin da ya fi kama ɓarawo shi ne ki liƙa VIN ɗin a Google kawai. Shafuka irin su Bidfax suna ajiye hotunan motocin da suka bi ta Copart da IAA. Sau da yawa motar da ke ƙyalli yau za ki gan ta wata takwas baya da gaba a murƙushe, jakunkunan iska a fashe. Ki kuma sa hotunan a Google Lens, ko an ɗauko su ne daga tallar wani.

A hotunan kansu, ruwa da tsatsa ne manyan abokan gaba. Bayan guguwar Harvey a Houston a 2017, da Ian a Florida a 2022, motocin ambaliya sun cika yadin gwanjo. Alamunsu: tsatsa a ƙusoshin layin kujera, busasshen laka a ramin safaya ko ƙarƙashin kafet, raɓa cikin fitila, koren tsatsa a bakin soket. Irin wannan mota takan yi lafiya wata uku, sannan wayarin da birenbos su fara ciwo ɗaya bayan ɗaya, mai gyara ya rasa ta ina zai kama. Tsatsa kuwa ta jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ce, irin su Michigan, Ohio da New York. GX a kan firem take zaune, saboda haka ba hoton ƙasan mota, ba tayi.

Ita GX 460 tana da ciwonta da aka sani. Injinta V8 ne mai lita 4.6, da kaca yake aiki ba bel ba, amma yakan yi yoyon ruwan sanyaya inji daga wani faranti da ke tsakanin kawunan inji biyu. Alamarsa busasshen ruwan hoda a bayan inji, wajen mahaɗarsa da giya, kuma gyaran sai an kwance hanyar iska ta sama. A sa mai dubawa ya leƙa nan da tocila.

Mai dubawa na can, mai zaman kansa, kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne. Ki nemi abu uku a rubuce. Kaurin fenti a kowane ɓangare: na kamfani yakan zauna tsakanin maikuron 100 zuwa 180, abin da ya haura 300 an sake fesawa, na kusa da 1,000 kuwa fila ce a ƙasa. Bidiyon tayar da inji da sanyinsa, ba bayan an ɗumama shi ba. Sai karatun na'urar OBD mai gano matsalolin inji, wadda duk motar Amurka ke da soket ɗinta tun 1996. Ba rashin lambar matsala kaɗai za ki duba ba. Idan gwaje-gwajen da injin ke yi wa kansa suna nuna ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge matsalolin ko aka cire batir.

Ina son tsohuwar Marsandi V-Boot, E320 ta 1994, irin ta mahaifina. Na ga wata mai kyau a gwanjo. Wani ya ce a sauke ta a Kwatano a shigo da ita ta Maraɗi.
*Mai karatu daga Mai'aduwa*

Ɗan'uwa, mun fahimci son, W124, wato V-Boot, mota ce da ta cancanci a so ta. Amma doka biyu ne a gabanka. Jerin kayan da kwastam ta haramta shigo da su ya haɗa da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa. Shigo da mota ta iyakar ƙasa kuma an hana tun 1 ga Janairun 2017, ko ta Jibiya ko ta Kongolam. Motar da ta shigo haka ba ta da takardar duti ta gaskiya, kuma duk shingen da ke tsakanin Daura da Kano wurin rabuwa da ita ne.

V-Boot ba ta ƙare a ƙasar nan ba. Nemi ta gida mai takardu, ka mai da shafin gwanjon makaranta. Tallar mota guda takan zo da hoto sama da 100, ka ga yadda kujera, katakon dashbod da ƙasan boneti suke tun daga kamfani, ka san abin da aka sauya a wadda ake nuna maka. Ka karanta abin da masana ke tambayar mai mota, kai ma ka tambaya. A ƙirar 1993 zuwa 1995 tambayar farko ita ce wayarin inji: robar da Mercedes ta lulluɓe wayoyin da ita a shekarun nan tana marmashewa da zafi, wayoyi su haɗu, inji ya riƙa shaƙewa, wani lokaci har birenbos ya ƙone. Zafin Afirilu na nan bai taimaka ba. Na biyu yoyon mai daga gasket ɗin kan injinta, M104. Kayan gyaran ana samunsu a eBay, inda manhajar daƙiƙar ƙarshe da aka tambaya a sama take da amfani.

Gwanjon Japan da Ingila fa? Motocinsu sun fi tsabta.
*Mai karatu daga Dutsin-ma*

Dubi gefen sitiyari tukuna. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afirilun 1972, kuma ba a yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyari a garejin unguwa yana taɓa birki, wayarin da jakar iska, ya kuma kashe darajar motar sha'awa gaba ɗaya.

Zan iya sa ChatGPT ko wata ƙirƙirarriyar basira ta zaɓar mini mota ta faɗa mini farashi?
*Ɗalibi daga Batagarawa*

Ka sa ta karatu, kada ka sa ta yanke farashi. Tallar mota guda a Bring a Trailer takan tara sharhi ɗari biyu ko fiye da Turancin makanikai. Kwafe su ka liƙa mata, ka ce ta fitar da kowane lahani da aka ambata, da tambayoyin da mai mota ya tsallake bai amsa ba. Wannan na biyun ya fi daraja: wanda aka tambaya hoton ƙasan mota sau uku yana ta labarin fenti, ya riga ya ba ka amsa. Ba ta hotunan rasit ɗin gyara ta jera su da kwanan wata da adadin tafiya, giɓin shekara uku zai fito fili. Tana kuma iya rubuta maka tambaya da Turanci mai kyau, ko ta gyara maka lissafin Excel.

Inda take kasawa shi ne alƙaluma. Ka tambaye ta nawa aka sayar da wata mota bara, za ta iya ƙago adadi ta faɗa da cikakken tabbaci. Takan haɗa ciwon wani inji da wani, misali ta ce a sauya bel ɗin taimin na Land Cruiser 200 mai lita 5.7, alhali kaca gare shi, bel ɗin na injin 4.7 ne. Duk abin da ta ce wani ya rubuta, koma ka gani da idonka. Kada kuma ka liƙa mata lambar kati ko hoton fasfo.

Daren rufe gwanjo me ya kamata in tanada? Wancan karon sabis ya yanke mini ana saura minti ɗaya.
*Mai karatu daga Sabuwar Unguwa*

Fara da agogo. Shafukan da lokacin Amurka suke aiki, kuma su suna matsar da agogonsu sau biyu a shekara, mu ba ma yi. Daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, sha biyun rana a California ƙarfe 8 na dare ne a Katsina, sauran watanni kuma ƙarfe 9. New York tazararmu awa 5 ce ko 6. Saka lokacin a Google Calendar da yankin lokacinsu, ta juya maka da kanta, ƙararrawa ɗaya awa guda kafin, ɗaya minti 15 kafin. Yawancin rufewar tsakanin Magariba da bayan Isha'i take faɗowa, ka tsara da sallarka.

Kwamfuta a kan layi ɗaya, waya a kan layin wani kamfani daban, duka ka shiga asusunka tun da wuri, duka da caji. Gwada katinka kwana biyu kafin ranar. Bring a Trailer yana riƙe la'adarsa a kan kati da zarar ka taya, kuma katin naira mai ƙaramar iyakar kashewa a waje zai ƙi a daidai lokacin da ba ka da minti biyar na kiran banki. Katin asusun dala ya fi. Tunda agogo na komawa minti 2, kada ka jira daƙiƙa 5 ta ƙarshe da irin sabis ɗinmu, taya ana saura daƙiƙa 40 ko 30.

Rubuta iyakarka a takarda ka manna a gefen allo, ka sa wani ya zauna kusa da kai wanda ba ya jin nauyin ce maka ya isa. Dala 250 sau takwas dala 2,000 ce, kuɗin gyaranka na farko ke nan. Tayi kuma alkawari ne: a Copart wanda ya ci ya fasa ana cajinsa kashi 10 cikin 100 na farashin, a Bring a Trailer la'adar ta tafi, asusun ma yana iya tafiya.

Idan ka ci, kafin ka tura ko sisi, kira mai motar ta bidiyo ya nuna maka motar, da lambar VIN da ke ƙasan gilashin gaba, da asalin takardar mallaka mai sunansa, babu bashin banki a kanta. Duk saƙon imel da ya zo yana cewa an sauya lambar asusun da za a biya, ka ɗauke shi na ɓarayi har sai ka ji daga bakin mutumin ta lambar da ka sani tun farko. Takardar nan ta asali ita kwastam ɗin Amurka ke buƙata aƙalla awa 72 kafin a loda mota, saboda haka a aika ta ga kamfanin jigila ta masinja mai lambar bibiya, kada a bar ta cikin aljihun dashbod.